Filastar da Na Naɗa wa Jikata

Ya Edita, ranar Asabar ta biyu a watan Satumba, da ƙarfe shida saura kwata na safe, mu uku muka fito daga gidanmu da ke Park Hill: ni, da ɗana wanda yake tuƙa bas, da 'yarsa, jikata, mai shekara ashirin da huɗu. A saman ƙaramar motarsa an ɗaure wani siririn kwale-kwale wanda ya fi motar tsawo. A kan cinyata kuma akwai jakar da na shirya tun ranar Alhamis, na sake zazzage ta na duba har sau biyu. Shekarata saba'in da ɗaya a lokacin. Mijina ya daɗe da rasuwa, na yi shekara arba'in da 'yan kai ina aikin jinya a gida Najeriya da nan New York, na kuma ajiye aiki ba tare da an taɓa rubuta mini takardar gargaɗi ko sau ɗaya ba. Mace ce ni wadda ba a taɓa kamawa da kuskure ba. Na san haka, na kuma tabbatar kowa ya sani. Ba zan ambaci sunana ko na wani ba. Waɗanda suka san mu za su gane mu, sauran kuma labarin ya ishe su.

Dole in fara da inda aka ƙera ni, ba don neman uzuri ba, sai don a san hannun da ya yi wannan aiki. A makarantar mishan ta 'yan mata na girma, a kan tudu, inda ƙararrawa take tayar da mu, ita take kiran mu cin abinci, ita take kwantar da mu. Baturiyar da ke kula da ɗakin kwananmu takan zo da rula ta auna kusurwar zanen gado. Dokar makarantar ita ce, yarinyar da ta ce ba ta da lafiya sai ta gama aikinta na safe tukuna a duba ta. Wata rana dutse ya faɗo mini a ƙafa ya karya mini yatsa, na yi shiru na kammala ɗebo ruwana sahu bakwai. Washegari aka tsayar da ni gaban dukan makaranta aka ce a yi koyi da ni. Shekarata goma sha biyu. Na yi kusan shekara sittin ina cin abinci da wannan yabo.

Daga nan na shiga asibitin mishan koyon jinya, inda likitanmu ya koya mana ɗaure haƙarƙari. Masu haƙar kuza sukan zo da karaya a ƙirji, sai a sa mutum ya fitar da numfashinsa duka, a ɗauko filasta mai faɗi a ja ta daga ƙashin baya zuwa tsakiyar ƙirji, layi bisa layi kamar kwanon rufi, har gefen ya daina motsi. Zafi yakan ragu, mutum ya tashi ya koma rami. Ɗaurina ake nuna wa sababbin ɗalibai. Da na zo ƙasar nan aka sanar da mu cewa an daɗe da barin wannan hanya, domin tana hana huhu buɗewa. Na karanta takardar, na sa hannu, na bi doka a wurin aiki. Amma a zuciyata na ce mutanen nan ragwaye ne, ba su san abin da jiki zai iya ɗauka ba.

Uwar jikata ta rasu yarinyar tana da shekara biyar, sai riƙonta ya dawo hannuna. Ban yi mata wasan kaka da jika ba. Gado a gyare kafin ƙarfe shida da rabi, takalmi a goge, aya a haddace kowace Lahadi. Ita kuwa mai raha ce. Ta laƙaba mini suna Kaka Saja, takan ƙame a bakin kicin ta sara mini, ta ce wai kurtu ya gama wanke-wanke, a zo a duba. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, kamar sauran 'ya'yanmu na nan. A makaranta ta koyi iyo, tana da shekara goma sha bakwai ta ci jarrabawar masu ceto a bakin teku, aka tura ta Rockaway: bas zuwa jirgin fito, jirgin fito zuwa jirgin ƙasa, sa'a biyu tafiya, sa'a biyu dawowa, duk tsawon lokacin zafi. Da fari na ƙi, saboda kayan da suke sawa da kuma bakin matan zumunta a coci. Sai wata rana na je da niyyar in samo abin kafa hujja. Na tarar da dogayen kujeru a jere, kowa da usur, kowa idonsa a kan ruwa, ba mai juyawa ko an kira sunansa. Ina tsaye ta diro daga kujera ta shiga ruwa, ta fito da wani ƙaton mutum wanda ya ninka ta nauyi, ta ajiye shi, ta koma kujerarta ba ta ko dubi masu tafi ba. Na ce a raina wannan jinina ce. Daga ranar na karɓe al'amarin daga hannunta.

Masu ceton suna da wani tsere da suke yi a ƙarshen lokacin aiki, bayan an rufe bakin teku ga masu wanka. Kashi huɗu ne, ba hutu a tsakani: a fara da tuƙa siririn kwale-kwalen nan da filafili zuwa can nesa a dawo, a shiga iyo, a hau wani dogon allo a durƙushe ana tuƙa shi da hannu, sannan a ƙare da gudu cikin yashi. Mai ƙarfi takan yi sa'a huɗu da wani abu. Ana yarda kowane ɗan tsere ya shigo da mutum ɗaya cikin filin da aka kewaye da shinge, wanda zai miƙa masa ruwa da kaya tsakanin kashi da kashi. Ni ce nake shiga mata. Suna da al'ada biyu da na raina. Ta farko, wanda ya ji ruwa ya fi ƙarfinsa ya ɗaga hannu ɗaya sama, a zo a ɗauke shi, ba mai yi masa dariya. Ta biyu, wanda ya ga abokin tserensa cikin hatsari ya bar tseren ya je, ko da shi ne a gaba. A shekarar da ta gabaci wannan, jikata tana ta biyu sai ta ga wata doguwar Baturiya mai jan gashi, jijiya ta riƙe mata ƙafa tana shan ruwa. Ta juya ta tallafe ta har babur ɗin ruwa na masu sa ido ya iso, ta ƙare ta goma sha ɗaya. Jama'a suka yi ta tafa mata. Ni na rufe littafin da nake rubuta lokutanta a ciki. A mota na ce mata an ajiye masu babur don wannan aiki, ita kuwa hanyar hutawa ta nema ta sa mata suna tausayi. Ta yi dariya, ta ce ai Kaka Saja ta manta, ceto aka ɗauke su yi, ba cin kofi ba. Na yi mako biyu ban amsa gaisuwarta ba, sai da ta durƙusa ta ba ni haƙuri a kan abin da ba laifi ba.

Bayan wannan na ɗaura ɗamara. Wata goma ina tayar da ita tun kafin gari ya waye. Cikin hunturu ina zaune a bakin tafkin iyo da kwat ɗina da agogon auna lokaci a wuya, har masu shara sun san kujerata. Idan lokacinta ya ƙaru da daƙiƙa biyar sai in ja layi da jan biro in sa ta maimaita. Ta taɓa yin amai a bakin tafki, na miƙa mata tsumma ta goge ta koma. Mai horar da su, wanda aikinsa ke nan, ya ja ni gefe ya ce jiki yana bukatar ranar hutu. Na tambaye shi shekarunsa. Na taɓa jin ta tana gaya wa ƙawayenta a waya wai su sun yi sa'a, teku kaɗai suke tsoro. Suka yi dariya, ni ma a ɓoye na ji daɗi.

Wannan Asabar kuwa, tun kafin mu ajiye mota muka ji ruri. Wata guguwa ce take wucewa can tsakiyar teku, ba ta zo mana ba, amma ta aiko da raƙuman ruwanta. Sama garau, rana tana haske, ruwa kuwa yana tashi ya fi tsayin mutum biyu ya faɗo, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin takalmina. Wurin bai ma gama warkewa daga babbar guguwar nan da ta kwashe dakalin katako na bakin tekun a shekarun baya ba. Masu shirya tseren suka yi shawara, suka rage tsawon hanya, suka sanar ta lasifika cewa duk wanda ya ga ba zai iya ba ya janye, ba abin kunya ba ne. Mutane da yawa suka mayar da kwale-kwalensu kan mota. Ɗana ya matso ya kira ni Mama, ya tambaya a hankali ko za a bar wa baɗi. Na tambaye shi ko shi ne ya yi wata goma yana tashi da asuba. Ya juya ya kama kwance kwale-kwalen, domin haka na rene shi. Jikata ta dubi ruwan ta ce wai da gani ruwan nan ma makarantar mishan ya yi. Ban yi dariya ba.

Ƙarfe takwas aka busa usur. Wajen shiga kawai ruwa ya kifar da mutum shida a gabanmu, na ga filafili ya karye gida biyu kamar kara. Ita ta sami rata ta wuce. Bayan sa'a ɗaya da minti arba'in suka ɓullo, tana gaba, mai jan gashi tana biye. Dawowa ta fi shiga hatsari. Saura kaɗan ta taka ƙasa, igiyar ruwa ta ɗaga bayan kwale-kwalen, hancinsa ya soki yashi, ya wurga ta gaba. Ta miƙe, ruwa iya ƙugu, tana laluben abin hawanta, ba ta ga igiya ta biyu ba. Wannan ta ɗauko kwale-kwalen a kwance ta maka mata shi a gefen ƙirji na dama. Duk da rurin teku na ji ƙarar, ko kuwa yadda jikinta ya naɗe a kansa ne ya sa kunnena ya ƙaga ta, ban sani ba. Ta nutse, ta taso, ta rarrafo, ta miƙe ta shigo fili a karkace.

Na lulluɓe ta da babban tawul, na cusa hannu ƙarƙashin rigar tseren. Yatsuna sun san aikinsu. Haƙarƙari biyu, wataƙila uku, ɗaya yana motsi a ƙarƙashin fata. Ta yi tari ta tofa, jini ne ja wur mai kumfa. Ya Edita, babu mai aikin jinya a duniya da ba ta san ma'anar jini mai kumfa ba: ƙashi ya taɓa huhu. Ba zan ce ban sani ba. Na sa takalmina na tura yashi na rufe shi. Ta kama wuyan hannuna ta yi mini magana da Hausa, abin da rabonta da yi tun tana firamare. Ta kira ni Kaka, ta ce numfashinta ba ya isa, in bari ta tsaya. Na ɗauke ta da mari. Hannuna a jiƙe, kuncinta a jiƙe, kanta ya juya gefe. Wata mata da ke kusa ta gani ta kau da kai. Na kama haɓarta na juyo da fuskarta, na ce mata ni da karyayyen yatsa na ɗebo ruwa sahu bakwai, kuma idan ta kuskura ta ɗaga hannu a cikin ruwan nan gaban jama'a, ta nemi wani gida, ni ban reni mai ɗaga hannu ba.

Filastar tana cikin jakata, domin ban taɓa fita ba tare da ita ba. Na tsane fatar, na ce ta fitar da numfashi duka, na ja layi na farko daga baya zuwa ƙirji da dukan ƙarfina. Ta yi wani nishi ta cikin haƙora. Layi shida na yi, kowanne ya hau rabin ɗan'uwansa, baki daidai da baki, cikin minti biyu da daƙiƙa goma. Na sani domin ina duba agogo. Ina sauke rigar sai ga ma'aikacin lafiya na tseren, mutum mai ladabi, ya ga faɗuwar daga nesa ya taho a guje. Ya tambaye ta yadda take ji. Kafin ta buɗe baki na amsa da muryar da nake tsayar da ƙananan likitoci da ita a ɗakin marasa lafiya. Na ce ni nas ce shekara arba'in, na duba ta, ƙujewa ce kawai, jinin bakin kuma leɓenta ta ciza. Ya dube ni, furfura, tabarau, gicciye a wuya. Ya dube ta. Ta gyaɗa kai. Ya ja da baya. Ban ɗora masa laifi ko ƙwaya ɗaya ba. Tsohuwa ya gaskata, wadda ba ta yi kama da maƙaryaciya ba.

Mai jan gashi ta riga ta wuce. Jikata ta gyara tabaran iyo ta shiga ruwa. Ɗana daga bayan shinge yana ta tambaya ko lafiya, me ya same ta. Na ce ba komai, ya yi mini shiru ina aiki. Hanyar iyon ta bi gefen gaɓa ne, ta wuce bakin jerin baƙaƙen duwatsun da aka shimfiɗa cikin teku don karya ƙarfin ruwa. Minti goma na farko ta yi kyau har na ji daɗin ɗaurina. Daga nan hannunta na dama ya fara gajarta. Mai iyo da hannu ɗaya ba ya tafiya a miƙe. Ta riƙa karkata zuwa duwatsu, ruwa kuma dama can yake ja. Na ga ta tsaya. Na ga kanta ya juyo wajen gaɓa, inda nake. Babur ɗin ruwa yana can baya wurin wasu da suka ɗaga hannu, kuma da ta ɗaga nata da an gani. Hannunta na hagu lafiyarsa ƙalau. Na tsaya da agogo a tafina ina kallo, ita tana kallon inda nake, hannun bai tashi ba. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba.

Igiyar ruwa ta farko ta ɗora ta a kan dutse ta janye ta. Ta biyu ta ɗaga ta sama ta buga ta da kafaɗa, na ga hularta ta iyo ta fita daban. Duwatsun nan cike suke da ƙananan ɓawo masu kaifi kamar reza, duk inda jiki ya taɓa sai ya yanke. Kumfar wurin ta canza launi. Ɗana ya tsallake shinge ya faɗa ruwa da takalminsa, shi da bai iya iyo ba. Ruwa ya watso shi waje, ya koma, sai da mutum biyu suka danne shi a yashi yana kiran sunanta. Mai jan gashi tana gaba da nisa, tseren a hannunta yake. Ta ɗago don ta duba hanya, ta waiga, ba ta ga kan da ya kamata ya biyo ta ba. Ba wanda ya kira ta. Ta juyo, ta shiga tsakanin duwatsu inda babur ba zai iya shiga ba, ta rungume jikata ta baya, ta ba dutse nata bayan. Sau uku ruwa ya buga su kafin a jefa musu igiyar ceto, kuma ita ta karɓi dukan. Da aka jawo su, bayan mai jan gashi kamar an zane ta da waya, kunnenta ɗaya a tsage yana reto.

Aka shimfiɗe jikata a kan yashi. Leɓunanta sun yi toka-toka, jijiyoyin wuyanta sun kumbura, ƙirjinta ba ya tashi. Ma'aikacin lafiyar nan ya tsaga rigar da almakashi, sai ya ci karo da aikina. Ya ɗago ya dube ni daƙiƙa ɗaya. Iska ta taru a cikin ƙirji tana danne huhu da zuciya, dole a soka allura a fitar da ita nan take, filasta kuwa ta rufe wurin. Ya nemi bakin da zai ɓanɓare, babu, domin na shafe kowane gefe da babban yatsa yadda aka koya mini. Almakashinsa ya ƙi shiga ƙarƙashi. Sai da su biyu suka kama suka fizge da ƙarfi, ta taho da fata. Ya soka allurar, iska ta fito da ƙara kamar tayar da ƙusa ta huda. Agogo yana wuyana bai daina tafiya ba. Daƙiƙa hamsin suka ɓata a kan filastata. Na auna wannan ma.

Da motar asibiti ta tafi da ita, ɗana ya zo wurina a jiƙe, yashi har cikin gashinsa. Shekararsa hamsin bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya tambaye ni wa ya naɗa mata wannan abu. Na ce ni ce. Ya tambaya ko na ga jini. Na ce na gani. Ya kama zaren agogon ya fizge har ya yanke mini wuya, ya buga shi da ƙasa ya bi shi da dunduniya. Ya ɗaga hannu a kaina, na tsaya ina jira, kuma da ya sauke mini shi da na ce daidai ne. Sai ya juya ya naushi gilashin motarsa, gilashin ya tarwatse ya yanke shi har ƙashi. Wani bawan Allah ne ya tuƙa mu. Haka muka shiga asibitin kafin tsakar rana, shi da hannu naɗe cikin tawul ɗin da na ɓoye ta a ciki, ni a bayansa. Sa'a biyar tana ɗakin tiyata. Likitar da ta fito ta yi mana bayani ba ta san ko ni wace ce ba. Ta ce da fari ƙashin ɗan huda huhun kawai ya yi, abin da kwanaki a gado za su gyara. Ɗaurin da iyon ne suka tura shi ciki yana yanka da kowane bugun hannu. Ta ƙara da cewa ba ta taɓa ganin ɗauri mai tsabta haka ba sai a tsofaffin littattafai, duk wanda ya yi shi ya san aiki, shi ya sa ba shi da uzuri.

Da jikata ta iya magana, masu shirya tseren suka aiko a ji yadda aka yi mai karaya ta koma ruwa. Ina zaune a gefen gado ta gaya musu cewa ita ce ta ɓoye ciwon, ita ce ta roƙe ni in ɗaure ta, ni ban ga jini ba. Yarinyar da na taɓa hana abinci saboda ƙaryar alewa ɗaya, ga ta da tiyo a ƙirji tana shirya ƙarya don ta rufa mini asiri. Na bari suka fita. Wannan ma laifi ne na dabam: kwana uku na yi ina lulluɓe da ƙaryarta. A rana ta huɗu na rubuta musu takarda da hannuna, na faɗi jinin, da yashin da na tura, da marin, da abin da na gaya wa ma'aikacinsu, na roƙa kada a taɓa aikinsa. Na kuma nemi gidan mai jan gashi na je da tukunyar abinci. Ta buɗe ƙofa a sunkuye saboda ɗinkin bayanta. Na shirya jawabi, ta katse ni, ta ce ba don ni ta yi ba, ba kuma don abin bara ba, haka ake yi, shi ke nan. Ta karɓi tukunyar, ta ce in gaya wa ƙawarta ta yi sauri ta warke, ita ba ta son cin kofi a bayan idonta.

Ɗana ya kama wani gida can unguwar Highbridge, nesa da ni, da aka sallame ta can ya kai ta. Ban hana ba. A falon gidan na je na durƙusa a gabanta, ni da rabona da durƙusa wa ɗan Adam tun ranar aurena, na nemi gafara. Ta ce ta yafe, ta tayar da ni da hannunta mai lafiya. Na tambaye ta abin da ya hana ta ɗaga hannu, tun da ta fi kowa sanin dokar aikinta. Ta ce ta duba gaɓa ta hango farin ɗankwalina, sai ta ga duwatsun sun fi sauƙi. Ba da fushi ta faɗa ba. Tana zuwa gaishe ni Lahadin farko ta kowane wata bayan sujada. Takan hau matakala a hankali, ta tsaya a hawa na biyu ta huta. Ina jin numfashinta ta bayan ƙofa, in jira, in yi kamar ban ji ba.

Na daɗe ina tunani a kan makarantarmu. Ba zan zage ta ba. Ta ba ni karatu da sana'a da tsoron Allah. Amma yanzu na gane cewa ranar da aka tsayar da ni gaban makaranta, abin da ya kamata a yi shi ne a duba ƙafar, a kuma tambayi abin da ya sa yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta fi tsoron faɗa a kan karaya. Yatsan nan har yau a karkace yake. Waɗannan yaran na bakin teku, waɗanda nake gani marasa tarbiyya saboda kayansu, sun fi ni sanin horo. Sun koyi jimiri har su yi sa'a huɗu cikin ruwa, sun kuma koyi lokacin da ake tsayawa. Ni rabi na koya, na ɗauka duka ne.

Ina roƙon iyaye da kakanni irina, musamman mu da muka zo ƙasar nan da wahala, muka ga ba abin da ya tsayar da mu a kan ƙafa sai taurin rai. Idan ɗanku ya ce numfashinsa ba ya isa, ku gaskata shi kafin ku tuna abin da ku kuka jure. Idan kuna da sani, na jinya ko na wani abu, kada ku rufe da shi bakin wanda aka ajiye don ya duba. Kada ku kai ɗanku inda zai auna fuskarku da dutse ya zaɓi dutse. Ku gaya musu tun yau, da bakinku, cewa in sun ɗaga hannu ƙofar gida a buɗe take.

Jikata tana raye. An cire mata kashi ɗaya na huhun dama, hannunta ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, sau biyu ta sake zama jarrabawar masu ceto ba ta ci ba. Ba ta ƙara kirana Saja ba.